Tafarnuwar Inna a Levenshulme

Wata shida kacal Inna, kakata ta wajen uba, ta yi da mu a Manchester, amma har yau ji nake kamar a gabanta na girma. Shekarata takwas a lokacin. Abba yana karatu a wata jami'a a Oxford Road, muna haya a wani tsukukun gida a unguwar Levenshulme mai ɗan fili a baya, wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. A falon akwai wutar gas a jikin bango. Inna ta raina ta tun ranar farko, wai wace irin wuta ce ba hayaƙi ba toka. Amma da an idar da sallar magariba ita ke riga kowa zuwa gabanta, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Takwara, matso kusa, labari ba ya son nisa." Sunanta aka sa mini, kuma Hausata a lokacin gurguwa ce. In na ce, "Inna, say it again," sai ta ja kunnena ta ce in mayar da Turancin aljihu tukuna.

Da Oktoba ta kama, ta sa Mama ta raka ta wani kanti a Stockport Road, ta zaɓo manyan kawunan tafarnuwa uku tana shinshinawa, ta ce shukawa za ta yi.

"Inna, nan fa ba garinmu Kura ba ne," in ji Abba yana dariya. "Winter za a shiga, komai mutuwa yake yi. Ki bari sai March."

"Kai da ka zo karatu, yi karatunka," in ji ta. "Ni a fadama aka yaye ni. Tafarnuwa da sanyi ake binne ta."

Sai dai ba ta shuka ba. Kullum da safe takan tara hannu a famfon waje, ta girgiza kai ta ce da saura. Ni kuma hankalina ya tashi, don na ji ana cewa bizarta ta kusa ƙarewa. Da na dame ta da tambaya, sai ta amsa mini da tatsuniya.

Wai wata tsohuwa ce ke da 'ya'yan tafarnuwa uku, aka ce mata Sarkin Sanyi yana tafe. Ta farin tsohuwa ta yi gaggawa ta binne ta tun ƙasa na da ɗumi. Yarinya ta ji daɗi, ta fito da kai, ta yi dogon ganye tana taƙama, Sarki na isowa ya ƙone ta ƙurmus. Ta biyun tsohuwa ta jira har ruwan randa ya fara cizon haƙori, sannan ta tura ta ƙasa yarinya na kuka, ta rufe. Wannan ta sami kwanakin kafa saiwa, amma ba ta kai ga ɗaga kai ba, Sarki ya wuce ta kanta bai gan ta ba. Autar kuwa tsohuwa ta kasa rabuwa da ita, ta ɓoye ta a ɗaki kusa da murhu. Da zafi ya dawo aka tona, ta biyun ta fito da 'ya'ya goma sun rungume juna. Auta ta yi ƙiba, ta yi santsi, amma ita kaɗai ce tilo.

"To ta ƙare," in ji Inna, "a kashe wutar Turawa."

Ranar da ruwan famfo ya cije ta da gaske, bishiyoyin layinmu sun zubar da rabin ganyensu. Muka ɓare kawunan, ta nuna mini yadda ake sa tsinin sama, a tura zurfin ɗan yatsa, a bar tazarar tafin hannu. Ƙwara ashirin da huɗu muka binne. Bayan mako uku, a filin jirgi, ta riƙe hannuna ta ce, "Amana ce na bar miki. In na dawo da ita za mu yi miya."

Amanar nan ce ta hana ni sukuni. Da na ga ƙanƙara ta kwanta fara fat a filin, sai na ji kamar Innar ce a waje ba mayafi. A gidanmu ko tsakar gida ba a barin yaro ya leƙa ba hula, to yaya za a bar amana ta kwana a can? Mama ma ta goyi bayana. Na ɗauki cokali na yi ta tono, ina mayar da su cikin robobi kusa da wutar gas. Shida ne suka gagare ni, don ƙasar wajen ta yi tauri kamar siminti.

Na cikin ɗakin suka yi dogon ganye fari, suka langaɓe, yawancinsu suka ruɓe. Shidan da na bari ina kuka su ne muka tona a Yuli, kowane kai cike da 'ya'ya. Da na faɗa wa Inna gaskiya a waya, dariya ta yi har da tari.

"Ai na san za ki tona, Takwara. Ki ware manyan, iri ne. Sauran ki rataye mini."

Na rataye. Ciwon ƙafa ya hana ta dawowa a shekarar, a ta gaba kuma Allah ya yi mata rasuwa. Kafin Abba ya sami jirgi an kai ta makwancinta.

Yanzu a wani gari nake da iyalina, a unguwar Aston, ina da ɗan fili da na karɓa daga hukumar gari, kuma irin shidan nan nake shukawa har yau. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar ta noma ce kawai: kada ka yi gaggawa, kada ka makara. Bara Abba ya zo daga Manchester lokacin shuka, ya zauna a kan bokiti yana kallona, furfura ta rufe masa kai. Can ya ce, da aka ba shi scholarship na zuwa karatu nan ƙasar cewa ya yi ba zai tafi ba, don shi kaɗai ne ɗan Inna da ya rayu. Ita ta haɗa masa kaya da hannunta, ta shige ɗaki, ta ƙi fitowa rakiya.

Nan na gane cewa duk shekarun nan 'ya'yan tafarnuwar nake tausaya wa. Ban taɓa tambayar Inna yadda tsohuwar ta ji da ta tura 'yarta ƙasa ta rufe ba, ga shi yanzu ina son in tambaya, babu wanda zai amsa.

"Shekara uku na ce mata zan yi," in ji Abba, yana juya ƙwara ɗaya a hannunsa. "Har ta rasu ba ta taɓa ce mini yaushe zan dawo ba."