Kawu Mai Guga da Titin Kewaye

Kawuna wanki da guga yake yi, shekara talatin da takwas ke nan, a shagon da ya fasa a jikin gidansa, bakin babban titin da ya ratsa garinmu ya nufi iyaka. Mutum ne mai ƙyanƙyami na fitar hankali. Idan ƙuda ya sauka a bakin kofinsa, to ya gama da wannan shayin. Muna yara mukan tsokane shi mu ce ko sabulu sai ya wanke shi kafin ya yi wanki da shi. Wannan mutumin ne Allah ya haɗa da tireloli.

Shingen kwastan yana ƙarshen gari, titin kuma guda ɗaya ne. Layin manyan motoci yakan taso daga shingen, ya wuce kasuwa, ya wuce makarantar firamare, ya zo ya tokare ƙofar Kawu. Mota ɗaya sai ta yi kwana huɗu a wurin, injin na ruri, baƙin hayaƙi na shiga har ɗakin kwana. Ban ga laifin direbobin duka ba, mutum ba zai riƙe cikinsa kwana huɗu ba, amma katangar Kawu suka mayar makewayi. Kullum da safe sai ya kwashe robobin ruwa cike da fitsari, da ledoji a ƙulle waɗanda ba sai an kwance ba an san abin da ke ciki. Kwatar gefen titi ta toshe da baƙin mai da ruɓaɓɓen abinci. Ni idan zan je gaishe su sai na toshe hanci da mayafi, in shiga ina tofar da yawu.

Farar riga idan ya shanya, kafin ta bushe ta koma ruwan toka. Ya mayar da shanya cikin ɗaki, ya haƙura. Abin da ya kasa haƙura da shi ƙirjin Inna ne, matarsa. Asma ta kama ta da tsufanta, numfashinta har fito yake yi. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye cewa muddin tana shaƙar hayaƙin nan magani ba zai yi komai ba. 'Yarsu da ke aure a wani gari mai nisa ta ce a kawo mata uwarta. Kawu ya roƙi a ba shi shekara ɗaya. Ya ji an ce tun da daɗewa ma'aikatar ayyuka ta auna wani titi da zai kewaye gari ta gabas, har an kafa duwatsun alama, aka watsar. Ya ce idan jama'a suka roƙa da baki ɗaya za a yi.

Ni shagon buga takardu gare ni, don haka wurina ya zo. Na buga masa wasiƙar roƙon a shafi ɗaya, ya sa na karanta masa sau uku. Sauran shafukan layuka kawai na zana: lamba, suna, sa hannu ko dangwale. Na so in sa rubutu a saman kowanne, ya ce, “Kar ki cinye mana wuri, 'yar nan. Mutane nake so shafin ya ɗauka.” Ni kuma na ce to.

Wata biyar yana yawo gida-gida bayan ya tashi daga guga. Takardun cikin gogaggiyar rigar filo yake saka su don kar su yi datti, ga tawada, ga jiƙaƙƙen tsumma da yake goge wa kowa yatsa bayan ya dangwala. Yawancin mutane ko sauraren wasiƙar ba sa yi. “Mai Guga, indai kai ne ba sai ka karanta ba,” sai su miƙo hannu. Ya tara sunaye dubu biyu da wani abu, shafi saba'in cif.

Ana cikin haka aka kafa kwamitin da zai bi maganar, sai ga Mai Masauki ya shigo ciki. Shi ne mai ɗakunan da direbobi ke kwana, shi ne kuma mai shagon taya da tankin ruwan da suke saye. Ya zo da fara'a, ya yabi Kawu har Kawu ya rasa inda zai sa kansa. Tun da yana da mota, ya kuma san ƙofofin ma'aikata, aka ba shi shugabanci, aka damƙa masa takardun ya kai. Na yi mamakin mutumin da layin motocin nan ke ciyarwa ya zo yana neman a kawar da shi. Na yi shiru, don kar a ce na raina manya. Shirun nan har yau yana ci mini rai.

Bayan wata biyu wani jami'in ma'aikatar ya zo, aka taru a babban ajin makaranta. Inna ba ta je ba, ranar ƙirjin ya tashi. Kawu ya zauna a bencin gaba da hularsa sabuwa. Jami'in ya gode wa gari, ya buɗe fayil, ya fara karantawa: “Mu mazauna wannan gari da muka sa hannu a ƙasa, muna roƙon gwamnati kada ta karkatar da titi daga cikin gari, domin da motocin nan muke ci muke sha.” Ya ce ma'aikata ta ji kukan jama'a, an jingine maganar titin kewaye.

Kawu ya miƙe a hankali ya ce a nuna masa takardar. Na bi bayansa. Shafukanmu ne, layukan da na zana da hannuna, sunansa a lamba ta ɗaya. Shafin farko kawai aka cire aka sa wani. A kusurwar sama ana ganin hujin tsohon fil kusa da sabon.

“Baba, wannan ba hannunka ba ne?” in ji jami'in.

“Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma ba wannan maganar na sa wa hannu ba.”

“To ni abin da aka kawo mini na karanta.”

Mai Masauki ya matso yana murmushi, ya dafa kafaɗar Kawu. “Haba Mai Guga, kwantar da hankalinka. Kwamiti ne ya sake duba abin da ya fi wa gari amfani, muka ɗan gyara wasiƙar.”

Rigar da ke jikinsa Kawu ne ya goge ta shekaranjiya, karin hannun yana nan tsaye. Na kalle shi, na kau da kai. Masu sayar da abinci da masu faci suka yi tafi, su ban riƙe su ba, abincinsu suke karewa. Waɗanda suka ƙona mini rai su ne maƙwabtan da suka ƙi sauraren wasiƙar tun farko, yanzu suka koma cewa Mai Guga ya sayar da yatsunsu. Wata ta aiko aka karɓe kayanta ko wankewa bai yi ba. Ya je ma'aikata sau uku, aka ce an rufe fayil.

Inna ba wanda ya gaya mata. Kawu ya hana.

Shekarar ta cika, 'yarsu ta zo da mota. Motar ba ta iya isowa ƙofar gida ba, sai bayan kasuwa aka ajiye ta. Muka ratsa da Inna tsakanin tireloli a kaikaice, muna tsallake ledoji, Kawu na gaba da jakarta a ka. Shi ba zai bi ta ba, ga shago, kuma ba zai je ya tare a gidan suruki ba. Da ta zauna ta huta, sai ta leƙo ta taga.

“Malam, da zarar sun fara titin nan ka aiko a ɗauko ni. Kar ka bar ni can.”

“To,” in ji Kawu, yana kallon tayar motar.

Bayan sun tafi ya juyo gare ni. “'Yar nan, gobe ki buga mini wasu. Ki rubuta abin da muke roƙo a saman kowane shafi, da manyan baƙaƙe.”

Na buga masa. Sati biyar ke nan yana yawo da su, mutum goma sha ɗaya suka sa hannu. Inna kuma duk sati sai ta bugo waya, tana haki, ta tambaye shi ko an fara.