Mamani Mai Igiya, Matuƙin Kamiyon Dakoro

An haifi Mamani ɗan Isufu a shekarar 1916 a garin Mai Yara, cikin ƙasar Dakoro. Mahaifinsa manomin gero ne, mahaifiyarsa kuwa Dela, ɗiyar wani maƙeri daga Korahane.

Karatu da koyon sana'a

Ya yi karatun allo a wurin kawunsa, sannan aka kai shi lakwal, wato makarantar boko, a Maradi, inda bai daɗe ba. A shekarar 1934 aka kama shi aikin tilas na gyaran hanya, aka tafi da shi tare da samarin garinsu, igiya ɗaya a ƙugunsu. A can ya saba da motoci, ya koyi tuƙi, har ya sami permi, wato takardar izinin tuƙi, a 1941. Daga baya Alhaji Sa'adu, wani attajirin gyaɗa na Maradi, ya danƙa masa kamiyo, wato babbar motar kaya, mai jigila tsakanin Dakoro da Maradi.

Aure da musibar 1948

Ya auri Lalla a shekarar 1944. A kakar 1948 ta hau motarsa da ɗiyarsu a goye, ta zauna bisa buhunan gyaɗa kamar yadda kowa ke yi a zamanin. A gangaren Gulbin Kaba buhunan suka zame, suka tafi da ita ƙasa. Ta rasu nan take, jaririyar ta rayu. Jama'a suka ce ajali ne. Ajalin gaskiya ne, amma fa buhunan ba a ɗaure suke ba, kuma wannan babu wanda ya faɗa sai shi. Bayan shekara biyu ya auri Uwale.

Ƙa'idar igiya

Tun daga ranar ya sake tsarin aikinsa baki ɗaya. Kaya masu nauyi a ƙasa, a ɗaure su tamau. Mutane a tsakiya cikin kwarin buhuna, babu mai zama a baki. Gangare kuwa da tafiyar raƙumi yake sauka. Duk wannan an jure masa. Abin da ya gagara jurewa shi ne igiyar da yake zarga wa kowane matafiyi a ƙugu ya ɗaura jikin ƙarfen mota, ko da yake ƙullin da jan hannu ɗaya yake warwarewa. A ƙasar da kowane gida ya san ɗaurin aikin tilas, wasu kuma kakanninsu sun san wanda ya fi shi muni, igiya a ƙugu zagi ce. Koke ya yi yawa, har Alhaji Sa'adu ya yi masa gargaɗi cewa in aka ƙara kawo ƙara, ko gyaɗa ta makara, zai karɓe makullinsa.

Ranar kasuwa ta 1953

A watan Disamba na 1953, Rhissa, wani dattijo mai fataucin dabbobi daga Tagriss, ya hau motar a kasuwar Dakoro, ya rantse babu ɗan Adam ɗin da zai ɗaure shi yana numfashi, hannunsa bisa takobi. Mamani ya kashe mota ya zauna a inuwarta. Daga hantsi har azahar babu wanda ya sassauta. Matafiya suna zaginsa, masu gyaɗa suna tuna masa da makulli, shi kuwa amsarsa ɗaya, cewa ya riga ya ɗauki gawa sau ɗaya daga gangaren Gulbin Kaba. A ƙarshe Rhissa ya ciro igiyar raƙuminsa, ya ɗaure kansa da hannunsa, yana mai shaida wa jama'a cewa ba wanda ya ɗaure shi. Sauran suka yi koyi da shi.

A gangaren Gulbin Kaba tayar gaba ta fashe. Motar ta karkace ta bar hanya, ta jingina da tudun rairayi, ƙafa biyu a sama, mutane suna salati suna reto. Ba buhun da ya motsa, ba wanda ya faɗo. Har yau ana ba da labari cewa wata laya ce a sitiyarinsa ta tsare su. Waɗanda suka shiga motar ba su ga laya ba. Shatar igiya suka gani a ƙugunsu.

Gyaɗar ta makara, Alhaji Sa'adu kuma ya cika alkawarinsa, ya karɓe makullin.

Ƙarshen rayuwa

Mamani ya koma noma a Mai Yara, bai sake riƙe sitiyari ba. Allah ya yi masa rasuwa a Dakoro cikin damanar 1959, bayan ciwon ƙirji. An ɗauki gawarsa a kamiyo zuwa garinsu, Rhissa ne ya ɗaure makarar da hannunsa, aka yi masa sutura kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Uwale da 'ya'ya huɗu: Ma'u, Safi, Azara, da babbarsu Hawwa'u, wadda ake kira Marainiya, ita ce aka kwance daga bayan uwarta a gangaren Gulbin Kaba. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.