Yaya Sule da Ƙoshiyar Lantarki

Duk wanda ya san yayana Sule a Tudun Kaya ya san ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Kana cikin gaishe shi zai miƙo hannu ya gyara maka hula, ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Saura kaurin gashi." Ranar sunan ɗan ƙanwarmu tashin dattawa ya yi daga kan tabarma, wai gefenta bai yi daidai da katanga ba. Mutane suna tsaye da goro a hannu, shi yana durƙushe yana awo da zare!

A Kano ya kwaso wannan ciwon, a wata masaƙa inda ya yi aikin lantarki. Ya dawo da akwatin wayoyi da wata magana da ya hana mu sakat da ita. Wai wani injiniya ya nuna masa inji ba dole sai ya yi juyi ba.

Yaya ya ce, "In ka tsaga shi ka shimfiɗa kamar kilishi, sai ya riƙa tura abu a miƙe, ba bel ba sarƙa, ya tsaya cak inda ka ce."

Na ce, "Haba Yaya, a garin da ko ƙwan lantarki babu?"

"Wutar ta zo ta same mu a shirye mana!"

Malam Idi mai shayi ya fara ɗanɗanawa. Yaya ya ari dainamon fitilar kekensa, ya maido masa da shi a faranti, gunduwa-gunduwa. Malam Idi ya yi salati ya ce, "Sule, me na yi maka?" Ya ce, "Miƙar maka da shi na yi, ko godiya babu?"

Nawa rabon kuwa har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ni masaƙi ne, lokacin ina neman auren Hajara 'yar Alhaji Mamman na Jajaye. Yaya ya sa wa ƙoshiyar saƙata ido, wai hannuna ba ya jefa ta daidai. Ya naɗe wayar tagulla a jikin dogon katako, ya buga wa ƙoshiyar ƙarfe a gindi, ya aro batirin motar gyaɗa. Sai ranar da Alhaji ya zo da kansa ganin sana'ata ya kinkimo kayan zuwa zaurena.

Na raɗa masa, "Don Allah Yaya, ba yau ba."

Ya ce, "Yi mini shiru, ni ne babba. Alhaji, a matso. Nan za ta tsaya, kan wannan zanen da na ja a katako, ko gashi ba za ta ƙara ba."

Ya haɗa waya. Fat! Ƙoshiya ta tsinke zaren da na sha wahalar ja, ta wuce zanen, ta samu Alhaji a tsakiyar goshi. Rawani ya yi gefe, carbi ya watse. Ina ta ba da haƙuri, ina Yaya? Ya miƙa zare daga katakon zuwa goshin Alhaji yana dubawa!

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tafiyar dai a miƙe take. Tsayuwar ce ta rage."

Sai da damina ta wuce, kawunanmu suna ta sintiri zuwa Jajaye, kafin aka ba ni Hajara. Alhaji kuwa har ya bar duniya bai sake shiga zaurena ba, daga tsallaken hanya yake amsa gaisuwa.

Amma ku da kuke cewa mahaukaci ne, ku kiyaye ni! Ni da ya yi wa ɓarna ni ke da bakin magana. Da Babanmu ya rasu ina ƙarami, shi ya goye ni, shi ya kai ni koyon saƙa, tuwo bai taɓa ci ba sai ya ga na ƙoshi. Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya yafe masa, ya sa ya huta.