Karsanar da Aka Haifa da Namiji

A shekara ta huɗu da aurena maigida ya sayo min karsana a kasuwar Dole Kaina, wajen wani Bafillace da ya tsallako daga Benin. Ja ce, ga ƙiba, ga kaurin wuya. Lokacin ni ko ɓari ban taɓa yi ba, kuma a garinmu Kaoje ba sai an faɗa miki ba, cikinki ake fara kallo kafin a gaishe ki.

Karsanar ma ta bi sahuna. Damina biyu ana kai ta wajen bijimi, ko kallonsa ba ta yi, sai ma ta riƙa hawan 'yan'uwanta shanu. Da likitan dabbobi ya zo rigakafi daga Bagudo, maigida ya nuna masa ita. Ya duba hantsarta, ya ɗaga wutsiya, sai ya tambaya ko tagwaye ce. Maigida ya ce ƙwarai, Bafillacen ma da shi ya kuranta ta, wai ita da maraƙi namiji aka haifa, albarka ce. Likita ya yi dariya ya ce lallai mutumin ya iya ciniki. Ya bayyana cewa a cikin saniya jijiyoyin jinin tagwaye kan haɗe, sai sinadarin da ke gina namiji ya tsallaka jikin macen, ya tsayar da mahaifarta tun ba ta gama ƙira ba. Asalin halittarta ta mace ce, amma kusan duk irinta juya ne. A yi kiwonta don nama kawai.

Ina bayan zana ina tsince shinkafa, komai a kunnena. To ni ma tagwaye ce, kuma abokin haihuwata namiji ne, yana can Lafagu da 'ya'yansa biyar. Wallahi na tsorata, amma har da wani sanyi na ji a raina. Ashe abin yana da dalili, ashe ba wani laifi na yi ba.

Na yafa mayafi na tare shi a zaure, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba.

"Malam, mutum fa? In mace ta zo tare da namiji?"

Ya dube ni, na san ya gane. "A'a, baiwar Allah, na mutane ba haka yake ba. Kowa da mabiyiyarsa, jininsu ba ya haɗewa. Ki je asibiti, ke da maigidan duka."

Shi a ganinsa albishir ya yi min, ni kuma na yi godiya yadda ya kamata. Mun je asibitin, an duba mu ciki da waje, ba a ga komai ba. Yau na haura hamsin ban haihu ba. Duk tsawon shekarun nan, tsakanin bayan zana da zaure kaɗai na taɓa sanin abin da ke damuna. Har yanzu ina jin haushin likitan nan, kuma ba ƙarya ya yi min ba.