Ranar da Motata Ta Sha Man Gara

Motata wagon ce, fara, ko in ce da fari aka haife ta. A hannun wani direban haya na Ɗanbatta na saye ta bayan ya gama cin amfaninta, shi ma a hannun wanda ya gama cin nasa ya saya. Ba na haya da ita. Gona take zuwa, da jana'iza, da biki, sai kasuwa ranar da ta tashi da lafiya.

Boko aji biyu na yi aka ce in koma gida in huta, har yau hutun nake. Amma Allah ya ba ni ido. Duk abin da na ga an yi sau biyu a gabana, sai zuciyata ta ce mini na iya. Haka na gyara rediyo biyu a garinmu, babu wadda ta ƙara magana.

A shekarar da nake ba da labari, 'yar autarmu ta zo gida wankan haihuwar fari. Ta cika arba'in, aka tsayar da Juma'a da safe za a mayar da ita ɗakinta, wani ƙauye can wajen Zakirai. A wajenmu ba a mayar da mai jego hannu biyu. Ana haɗa mata gara: gero, shinkafa, daddawa, kuka, dubulan, da man gyaɗa. Matan gidan miji su baje a tsakar gida su duba ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da suka gani ranar shi za su riƙa tuna wa yarinya har ta aurar da nata 'ya'yan. Uwar yarinyar kuwa, wato maiɗakina, matsar man gyaɗa ce sana'arta tun kafin in aure ta, har wasu garuruwa ake aikowa saye. Surukar yarinyar ma ta aiko da saƙo cewa ita ba ruwanta da gero, mai take jira. Kwana uku maiɗakina ta yi tana suya tana matsa, ta ƙarar da gyaɗarta kaf, ta cika jarka guda har wuya.

Nawa aikin shi ne in kai su. Da na zaro gejin mai na duba, sai na ga baƙi kamar tawadar allo, na ce wannan tafiya sai an yi juye. Da can wajen bakanike nake kai ta. Amma zuwan ƙarshe da na yi, na leƙa ina ba shi shawara, sai ya ce, "Baba, don Allah ga benci can a inuwa." A gaban mutane. Tun ranar na yi niyyar zan nuna wa duniya cewa kwance noti ɗaya ba karatu ba ne.

Ranar kasuwa na tafi da tsohuwar jarkata ruwan ɗorawa, mai baƙin mai ya auna mini daga duro ya cika ta, na sayi sabuwar filta a kwalinta, na dawo na ajiye su bayan ƙofar ɗakina. To, irin wannan jarkar ce dai maiɗakina take karɓa a wajen direbobi, ta dirje da toka da ruwan zafi, ta shanya mako guda, sannan ta zuba manta. Da ta gama na gara, sai ta ɓoye shi a ɗakina, bayan ƙofa, saboda maƙwabta masu shigowa da ɗan kofi a ba su na miya. Ta ce ta gaya mini. Mai yiwuwa ne. Shekara arba'in ke nan tana gaya mini abubuwa.

Alhamis da sassafe na tayar da motar ta ɗan yi ɗumi, don na ga haka bakanike yake yi wai man ya saki jiki. Na gangara da ita ƙofar gida, inda muka taɓa haƙar ƙasar yaɓe, na ɗora ƙafafunta a bakin ramin nan da can, na sa duwatsu. Na shimfiɗa buhu, na shige ƙarƙashi a rigingine da sifana da tsohon daro.

Ban daɗe ba na ga ƙafafu a tsaye. Ko ban ga fuska ba na san fason nan. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, wanda tun muna yara Allah ya ɗora masa aikin raina ni. Ya zo da gwangwani ya karɓi tsohon mai ya shafa wa amalankensa.

"Wa ya rasu a ƙarƙashin motar nan?" in ji shi.

Na ce, "Injiniya ne yake aiki. Matsa min, ka tare haske."

"Injiniya. To Allah ya jiƙan mota, ta yi wa jama'a hidima."

Notin yana can ƙasan kwanon inji. Na kama shi da sifana na ja, ya ƙi. Na ja da bismilla, ya ƙi. Na sa ƙafa na tokare taya na ja da wata kalma wadda ba ta rubutuwa, ya saki. Abin da ban lura da shi ba a wajen bakanike shi ne yadda yake janye hannu. Man ya biyo tsintsiyar hannuna da zafinsa, ya wuce gwiwar hannu, ya sauka a hammata, ragowar ya shiga daro tare da notin. Ban yi ihu ba, saboda akwai baƙo. Na bari ya tsiyaye tas, na lalubo notin a cikin daro, na goge, na mayar na ɗaure.

Filtar ma ta yi gardama. Hannu ya kasa, tsumma ya kasa, sai da na kafa mata sukudireba na buga da dutse ya huda ta, na murɗa ta fito. Sabuwar kuma na shafa wa robar bakinta ɗan mai da yatsa, na ɗaura da hannu kawai, yadda ake yi. Wannan wurin na yi shi daidai, ina so a rubuta.

Sai na shiga ɗaki na miƙa hannu bayan ƙofa na ɗauko jarka. Na yanke robar ruwa na yi mazurari, na buɗe bonet, na tuttula. Mai ya zubo garai-garai kamar zuma. Na ce wa taubashina, "Ka ga mai na gaskiya. Ba irin wanda bakanike yake zuba maka ba idan ka juya baya." Hancina tun wata mura da na yi shekarun baya ya ajiye aiki, shi kuwa taubashin yana can nesa yana cika gwangwaninsa. Na juye jarkar duka, na gwada da geji, ya zo daidai kan zane. Na murza makulli, ta tashi bugu ɗaya. Wallahi ban taɓa jin injin nan ya yi laushin murya kamar ranar ba.

Motata tsohuwa ce, tana ɗan cin mai, salansarta ba ta rabuwa da hayaƙi. Taubashina yana tsaye a bayanta, sai na ga ya ɗaga hanci yana juyawa.

"Wa yake tuyar ƙosai a unguwar nan da ban sani ba?"

Na ce, "Yunwa ce take damun ka. Je gida."

Sai ga maiɗakina a bakin zaure, mayafi a karkace, riƙe da wata jarka ruwan ɗorawa. Ita ba mai fitowa ƙofar gida ba ce.

"Malam, zo."

"Ina aiki."

"Aikin ne ya fito da ni. Na ɗauko mai zan fara suyar dubulan, na zuba a kasko, ya tsaya yana kallona ina kallonsa. Wannan na waye?"

Na dubi jarkar hannunta. Na dubi wadda ke yashe a gindin taya, babu ko ɗigo. Na miƙa hannu na kashe motar, a hankali, kamar dama lokacin kashewa ne ya yi.

Taubashina ya ajiye gwangwani ya zauna a ƙasa. Dariyar ba ta fito ba tukuna, kafaɗunsa kawai ke rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Hajiya, yi haƙuri. Ai motar ma jego take, kin ga ta rame."

Ba ta ko kalle shi ba. Ta ce, "Fito min da shi."

Na koma ƙarƙashi. Wannan karon noti bai yi musu ba, kuma na janye hannu da wuri, don mutum yana ƙaruwa da ilimi. Ta miƙo min wankakkiyar roba na tara. Man da ya shiga kamar zuma ya fito da launin ruwan kududdufi, da wasu baƙaƙen abubuwa suna iyo. Na fito da shi na ajiye a gabanta. Na ce wataƙila idan aka tace da ƙyalle, aka soya da albasa mai yawa.

Ta ce, "Kai za ka fara ci."

Na ce to bari in zuba wa motar nata, in ruga gari in sayo jarka guda a kanti, wa zai sani.

Ta ce, "Surukar nan tata da yatsa take ɗanɗana mai. A ce uwar yarinya matsar mai take, ta kai wa 'yarta na kanti mai haɗe-haɗe? Da wane ido za ta zauna a gidan?"

Muka shiga cikin gida. Yarinyar tana bakin ƙofar ɗaki da jaririnta a kafaɗa, ta ji komai. Ta ce, "Inna, a bar shi kawai. A kai sauran haka." Ta faɗa tana kallon ƙasa, tana bubbuga bayan yaron da ba kuka yake ba. Ita ce za ta zauna da matan can, ba ni ba, ba uwarta ba. A nan wasa ya fita daga kaina.

Gyaɗa ɗaya ta rage a gidan, irin shukata. Mako guda kafin nan na ɓare ta na tsince na ɗaure a buhu, don hadari ya fara haɗuwa a gabas. Irin nan tun na mahaifina ne, kowace shekara nake ware shi, ko a shekarar yunwa ba a taɓa shi. Maiɗakina ba ta roƙa ba. Ta dai tsaya tana kallon rumbu. Na sa tsani na hau na sauko da buhun. Kwano shida ne cif.

Ita da matan maƙwabta biyu suka soya, suka murje, suka fece. Ni kuma na cire filtar na kife ta ta tsiyaye, na mayar, na zuba wa motar abincinta na gaskiya, bayan na kai jarkar an shinshina min sau biyu. Na ɗauki gyaɗar na kai injin markaɗe na dawo da ita. Na ɗauka nawa ya ƙare. Ana idar da azahar maƙwabtan suka tafi ɗora wa mazansu tukunya, maiɗakina ta juye markaɗen a turmi, ta miƙo min taɓarya.

"Kafaɗata ta mutu tun jiya. Hannun da ya zuba shi zai fitar."

Na ce a rufe ƙofar zaure. Aka rufe. Taubashina ya zagayo ta bayan gida ya leƙo ta kan katanga.

"Sannu da aiki, amarya! Idan kin gama a ɗan sammana ƙuli-ƙuli."

Matsar mai ba daka ba ce, juyi ne. Ka kafa taɓarya a cikin markaɗen ka riƙa zagayawa da ita, ita kuma tana yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Da fari abin da laushi, har na fara tunanin mata suna cika baki. Can sai ya kame ya yi tauri kamar ƙasar gini, kowane zagaye sai ka sa ƙugu da baya. Shekara arba'in ina wucewa ta gefen turmin nan ina cewa sannu, ban taɓa sanin me nake yi wa sannu ba.

"Ba haka ba. Kana juyawa kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci."

Gumi ya jiƙa min riga, tafin hannu ya tashi ya fashe. Har la'asar babu komai, na ce ko wannan gyaɗar ba ta da mai. Ta ce gyaɗar lafiyarta ƙalau. Can sai na ga tunkuzar ta fara sheƙi, ta saki, mai ya taru a gefe yana kwanciya. Ta sa ludayi tana kwashewa. Yarinyar ta fito ta tsaya a kanmu, ta toshe baki da gefen zane, na kasa gane kuka take ko dariya. Turmi uku muka yi. Kafin magariba jarka ta cika har kusa da wuya, aka ware na suyar dubulan. Maiɗakina ta ɗaura wa hannun jarkar jan ƙyalle, ta kai ɗakinta, ta sa kwaɗo.

Washegari motar ta kai mu lafiya, sau ɗaya kawai ta tsaya shan ruwa. Mata suka shige da kaya, ni aka shimfiɗa min tabarma a zaure tare da uban mijin. Muna gaisawa amma kunnena yana cikin gida. Na ji an yi shiru, irin shirun da ake yi idan an buɗe murfi. Sai na ji muryar surukar ta ce, "Kai! Wannan ai gyaɗar iri ce aka matse. Wa yake yi wa 'ya haka?" Sai guɗa ta tashi. A cikin hayaniyar na tsinci dariyar 'yata.

Uban mijin ya miƙo min kwanon fura, sai idonsa ya sauka a tafin hannuna, duk ya ɗuri ruwa ya saɓule.

"Subhanallahi, Malam, me ya samu hannun?"

Na ce, "Aikin mota ne. Jiya na yi mata juye da kaina."

Ya jinjina kai. Ya ce shi ma yana da wata tsohuwar a-kori-kura a bayan gida, ta daɗe ba a yi mata ba, ko zan duba masa kafin mu tafi.

Na tambaye shi ko a gidan nan ana matsar mai. Ya ce a'a, saye suke. Na ce to a kawo sifana.