Ai Naka Ne, Baba

Shekarar da China ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ina Guangzhou, nesa da inda ake guje-gujen, ina auna kwalaye. Aikina ke nan a wani kamfanin kago, mai tura kaya ƙasashen waje, da ke bayan manyan shagunan tufafi na titin Guangyuan Xilu. 'Yan kasuwa su saro kaya su kawo sito, ni in ɗora tef in auna, in rubuta alamar mai kaya a jikin kwali, a loda a kwantena. An ɗauke ni ne don ina jin Hausa, kuma ina iya tsayawa Alhaji ya yi mini masifa a kan laifin jirgin ruwa ban tanka ba. Takardar zamana a ƙasar a wuyan wannan aikin take rataye. A shekarar nan kuwa biza ta yi tsauri, kullum sai ka ji wane ya tattara ya koma gida, ba don ya gama sayayya ba.

Mai kamfanin kowa Lawban yake ce masa, wato maigida da yarensu. Gajere ne, mai yawan shan shayi ba sukari. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shi idan ransa ya ɓaci murmushi yake ƙarawa, har ka ga haƙoran ciki.

Tun da aka hana babura yawo a cikin birnin, ma'aikata suka riƙa makara suna ɗora wa bas laifi. Wata safiya Lawban ya tara mu a bakin sito, akantar kamfanin ta yi mana bayani. Kamfani zai sayi kekuna da sunansa, a rage masa haraji. Kowane ma'aikaci ya ɗauki ɗaya, a riƙa cire ɗan wani abu daga albashinsa kafin a lissafa nasa harajin. Kamfani ya ci riba, ma'aikaci ya ci riba. Na ɗaga hannu na tambaya to wa ya faɗi. Akanta ta ce babu. Ni dai a Kano na tashi, ban taɓa ganin cinikin da ba wanda ya faɗi ba, amma na yarda. Sharaɗin shi ne, har a gama cirewa keken na kamfani ne. Ba a sayarwa, ba a kyautarwa. An buga wa kowanne lamba a ƙarƙashin sirdi, kuma duk ranar aiki dole a gan shi jere da 'yan'uwansa a bakin ƙofa, don masu haraji na iya faɗowa kowane lokaci su duba.

Nawa baƙi ne, da kwando a gaba, da kariya a baya, da ƙararrawa mai kaifin murya. Wallahi na so keken nan. Shi ne sabon abu na farko da ya shigo hannuna a China ba don in auna shi in tura wa wani ba. Daga unguwarmu Dengfeng nake hawa kullum, in bi ƙarƙashin gada, in ratsa masu turin kaya, in iso jiƙe sharkaf da gumi, amma kafin kowa. Da yamma in goge shi da tsohuwar singileti.

Akwai wani Alhaji ɗan Maraɗi, aminin mahaifina. Tare suka yi fataucin yadi tun kafin a haife ni. Da mahaifina ya rasu, shi ya nema mini fasfo, ya kawo ni Guangzhou, ya kama hannuna ya damƙa wa Lawban. Lawban kuwa bai yi musu ba, don a duk masu kawo wa kamfanin kaya babu mai cika kwantena kamarsa. Baba nake ce masa. Yakan zo sari lokaci-lokaci, ya sauka a wani ƙaramin otal a Dengfeng, ya yi ta ƙorafin shinkafar China har ranar da zai tafi.

Wata Juma'a mun fito daga masallaci, ana ta cinkoso wajen masu tsire, na sunkuya ina buɗe kwaɗon kekena, sai ga Baba Alhaji da tawagarsa, 'yan kasuwar Kano da na Yamai. Ya tsaya. Ya duba keken nan irin duban ɗan kasuwa: ya matsa taya, ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da zobensa, ya kaɗa ƙararrawa.

“Kai, wannan keke ya yi kyau,” in ji shi. “Ƙarfe ne na gaske.”

Bakina bai shawarce ni ba. “Ai naka ne, Baba.”

Kowa ya san yadda ake yi. Babba ya yaba abinka, ka ce nasa ne, shi kuma ya ce Allah ya bar maka, kowa ya kama gabansa da mutuncinsa. Na faɗi wannan magana a kan hula, na faɗe ta a kan agogo, na taɓa faɗa wa wani kawuna a kan takalmin da ke ƙafata, kuma da shi na koma gida. Saboda haka na ci gaba da buɗe kwaɗona, ina jiran amsar da aka saba.

Na ɗago, na ga Baba Alhaji ya zuba mini ido, idanun sun kawo ruwa.

“Ni ka ba, ɗana?”

Jama'a, me zan ce? Ga Alhazai sun kewaye mu, kowa da tsinken tsire a hannu. Na ce, “Kai na ba, Baba.”

Nan take ya ɗaga hannu ya shiga addu'a. Ya yi wa mahaifina, ya yi wa mahaifiyata, ya yi mini, ya yi wa 'ya'yan da ban haifa ba. Kowa ya shafa, har da ni, na ce amin da ƙarfi. Sannan ya karɓi makullin kwaɗon, ya tura keken a hankali cikin jama'a, babbar rigarsa na shafar taya. Ni kuma na nufi tashar bas.

Washegari na shiga shagon waya na kira gida. Ban gama gaisuwa ba mahaifiyata ta fashe da kuka. Ashe Baba Alhaji ya riga ni. Ya faɗa mata ɗanta ya zama mutum, ya ba shi keke sabo fil a gaban jama'a. “Allah ya yi maka albarka,” in ji ta. “Da mahaifinka na nan da ya ji daɗi. Ka rufa mana asiri.” Na ce amin, Umma. Na biya mai shago na fito.

Ranar Litinin na makara. Lawban na tsaye a bakin sito da kofin shayinsa, yana kallon gurbin da ke cikin jerin kekuna.

“Keke?” ya tambaya.

Na ce, “Meyo.” Wato babu. Ita ce kalmar da suka fi faɗa mana a kasuwa, ranar nan na mayar musu da abarsu.

Na yi masa bayani da guntun Turancina da nasa. Ya saurara yana gyaɗa kai, murmushin yana faɗi. Ya kira akanta. Ta ce in keke ɗaya ya fita ba bisa ƙa'ida ba, masu haraji na iya cewa duk tsarin ƙarya ne, su karɓe rangwamen gaba ɗaya, su kuma buɗe wasu abubuwan da Lawban ba ya son a buɗe. Na ce to zan sayo wani irinsa sak. Ta nuna mini ƙarƙashin sirdin keken da ke kusa, inda lambar take. Lawban ya kurɓi shayi, ya ce a hankali, “Keke meyo, aiki meyo.” Sai ya ƙara tuna mini, cikin ladabi, cewa takardar zamana ta kusa ƙarewa, kuma kamfani ne ke neman sabuntawa.

Muna cikin haka ne a makon, sai ga motar kaya ta tsaya da kayan Baba Alhaji. Dilolin atamfa, kwalayen takalma, fitilun caji, can a ƙarshe kuma wani dogon kwali da aka naɗe da salatif, kan keke ya leƙo ta gefe. Gida zai tura shi, Maraɗi. Aikina awo, saboda haka na ɗauko tef na auna kekena. Na rubuta alamar Baba Alhaji a jikinsa da babban alƙalami, na sa shi cikin kayan da za su bi jirgi zuwa Kwatano.

Na ruga wajen Lawban na ce ga keken ya dawo da kansa, yana cikin sito. Ya zo ya duba. Ya ce lalle shi ne. Na ce to sai mu fito da shi. Ya girgiza kai. Kayan kwastoma ne, in ji shi, kamfani ba ya taɓa kayan kwastoma, balle wannan kwastoman. Na ce amma na kamfani ne! Ya ce ƙwarai, shi ya sa dole a gan shi a bakin ƙofa. Duka biyun ya faɗa da murmushi iri ɗaya, ya koma ofis. Raina ya ɓaci har na harbi wani kwalin takalma, na dawo na gyara masa zama, don shi ma kayan kwastoma ne.

Kwantenar na dab da rufewa. Na yi ta juya abin a raina. In na yi shiru, keke ya tafi Maraɗi, ni in tafi Kano, kuma shi zai riga ni samun wurin zama. In na yi magana, na je gaban mutumin da ya tsaya mini a matsayin uba na ce ya maido kyautar da aka riga aka yi wa addu'a. A gidanmu ko yaro ba a bari ya yi wannan. Amma a gidan nan namu akwai ƙannena a makaranta, kuma albashin sito ne ke riƙe da su.

Bayan la'asar na same shi a ɗakinsa na otal, zaune a kan darduma yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi. Na tambayi gajiya, na tambayi ciwon gwiwa, na tambayi mutanen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Sannan na sunkuyar da kai na faɗa masa komai: kamfani, haraji, lambar ƙarƙashin sirdi, takardar zama.

Bai katse ni ba. Da na gama ya ajiye carbinsa.

“Ashe ba naka ba ne,” in ji shi.

“Bai gama zama nawa ba, Baba.”

“To me ya hana ka faɗa a can?”

“Kunya, Baba.”

Ya yi ɗan murmushi. “Ni me zan yi da keke da gwiwoyin nan? A zaure na so in ajiye shi, duk wanda ya shigo in ce masa ɗan aminina ya ba ni daga China.”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, har da godiya. Na ce ya yafe mini. Ya ce ban yi masa laifi ba, aikina ya fi keke. Ya miƙe da ƙyar, ya sa hula, ya ce mu je.

Da kansa ya shiga sito. Bai bari kowa ya taimaka ba, ya yage salatif ɗin da makullin ɗakinsa, ya zaro keken, ya tura shi har bakin ƙofa ya jera shi a gurbinsa. Ya miƙo mini makullin kwaɗo da hannu biyu. Lawban ya fito yana ta rusunawa, yana miƙa masa shayi. Baba Alhaji ya ce masa sheshe, wato na gode, bai karɓa ba.

Masu harajin sun zo daga baya. Wani mutum ne guda da jaka, ya leƙa ƙarƙashin sirdin kekunan farkon layi, ya sha shayi, ya tafi. Bai kai kan nawa ba. An sabunta mini takarda, na ci gaba da awo, a ƙarshe keken ya zama nawa halak malak.

Baba Alhaji bai taɓa faɗa wa mahaifiyata ba, bai kuma janye kayansa daga kamfanin ba. Ya ci gaba da zuwa sari, ina zuwa gaishe shi, yana sa mini albarka kamar da. Abu ɗaya ne ya canza, kuma ban lura ba sai da Sallah ta zo. An aiko mini da sabuwar hula daga gida, zanna bukar mai kyau, na sa na tafi masa barka da Sallah. Na ga idonsa ya sauka a kanta. Na ga ya ji daɗinta, don na san fuskarsa idan ya ga kaya mai kyau. Ya buɗe baki, sai ya dakata, ya kau da kai wajen taga, inda ruwan sama ke zuba.

“Ruwan garin nan ba ya gajiya,” in ji shi.

Na ce haka ne, Baba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Har ya daina zuwa China bai sake yabon wani abu nawa a gabana ba.