Tsohuwar da ta zo Umra daga Rasha

Shekarun baya, ƙanwata ta samu gurbin karatun likita a wata jami'ar gwamnati a Rasha. Mu haihuwar Jidda ne, amma iƙama ce da mu, wato takardar zaman baƙi, kuma irinmu samun jami'a a nan sai an sha wuya. Mahaifiyata ta ce sam. "Ƙasar da ba a kiran sallah? Halas, a bar maganar." Ƙanwata ta daina cin abinci. Ni kuma na goyi bayan Umma, alhali abin da na sani game da Rasha bai wuce fina-finan yaƙi ba.

Lokacin ina tuƙa motar masu Umra. Ranar nan na ɗauko wasu daga filin jirgi, sai wata tsohuwa fara tas ta yi mini magana da Larabcin littafi, irin wanda ni da na tashi a unguwar Ruwais sai na yi tuntuɓe kafin in amsa. Ashe daga garin da ƙanwata ta samu gurbi take, kuma a jami'ar ta koyar har ta yi ritaya. Na roƙe ta ta zo gidanmu shan shayi. Ta zo.

Umma ba ta ɓoye ba. "Hajiya, can za ku ɓatar mini da yarinya?"

Tsohuwar ta yi dariya. Ta ce jami'ar ta girmi kakanninmu. Jami'ar ta ga zamanin sarakuna, ta ga juyin mulki, ta ga yaƙin da malamai ke koyarwa cikin sanyi da yunwa, amma ba a daina karatu ba. Ta ce a ɗakin karatunsu akwai littattafan Larabci rubutun hannu, har da tafsirai, waɗanda aka adana a zamanin da mutum ke ɓuya ya yi sallah.

"Kakata a ɗaki ta koya mini Fatiha, murya ƙasa-ƙasa," in ji ta. "Yanzu daga tagar ajin da na koyar ana hango hasumiyar masallaci."

Umma ta ajiye kofinta. Ta juya ga ƙanwata. "Yalla, tashi ki ci abinci. Mai tafiya ba ta zama da yunwa."

Yau ƙanwata likita ce. Har yanzu idan na tuna, girman duniyar Allah nake gani, da ƙanƙantar abin da na sani. Ranar da ta kira ta ce an nuna musu littattafan nan, tambaya ɗaya Umma ta yi mata: "Da alwala dai kika shiga ko?"